Ragowar Kuɗin Haya Idan Ɗan Haya Ya Tashi Kafin Wa'adi: Nazari Daga Boɗinga da Shagari

A garuruwan da ke bakin titin da ya fita daga Sakkwato ya nufi Jega, musamman Boɗinga da Shagari, akwai wata rigima da ba ta cika isa gaban alƙali ba, amma tana yawan zaunar da mutane a zauren mai unguwa. Mutum ya kama ɗaki ko shago, ya biya kuɗin shekara a dunƙule, sai bayan wata huɗu ko biyar wani dalili ya tashe shi. Idan ya zo neman ragowar kuɗinsa, mai gida ya ce masa kuɗin haya ba ya dawowa, shi kuma ya ce ba zai biya kwanan da bai kwana ba. Kowannensu yana ganin maganarsa ta isa hujja. A wannan nazari za mu auna maganganun biyu da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne alƙalan wannan yanki suke hukunci da shi, sannan da ma'aunin dokar ƙasa. Abin da muka tsaya a kansa shi ne, maganar mai gida ta fi ƙarfi fiye da yadda 'yan haya suke zato, amma tana da iyaka guda da masu gidaje suka saba tsallakewa: ba ya halatta mutum ɗaya ya riƙe kuɗin watannin da suka rage, kuma ya riƙe mabuɗin ɗakin yana cin amfaninsa.

Yana da kyau mu fara sanin su wane ne 'yan haya a nan. Boɗinga da Shagari garuruwa ne na gidajen gado, inda ɗan gari yakan yi aure a gina masa ɗaki a cikin gidan ubansa ko a filin dangi. Saboda haka mafi yawan masu kama haya baƙi ne da aiki ko nema ya kawo: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, ma'aikatan ƙaramar hukuma, matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ake rarrabawa daga sansanin Wamakko, 'yan kasuwa masu shaguna a bakin titi, da masu noman rani da ke zuwa kusa da madatsar ruwa ta Shagari. A 'yan shekarun nan an ƙaru da iyalan da harin 'yan bindiga ya taso daga ƙauyuka. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne zamansu ba a hannunsu yake ba. Takardar canjin wurin aiki, ko umarnin hukuma, ko lafawar tsoro a ƙauye, kowanne yana iya tashinsu a tsakiyar shekara. A ɗaya ɓangaren kuma, mai gidan sau da yawa ba attajiri ba ne. Ɗakuna biyu ko uku ne ya fitar a jikin gidansa, kuma kuɗin shekarar da ya karɓa ya riga ya shige cikin taki, ko kwanon rufi, ko hidimar aurar da 'ya.

Ma'anar kalmomi

Haya, a yadda za mu yi amfani da kalmar, ƙulla yarjejeniya ce ta mallakar da amfanin wani abu na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Malaman Malikiyya suna kiran hayar aikin mutum ijara, suna kiran hayar gida da gona da dabba da jirgin ruwa kira'i, hukuncinsu kuwa kusan ɗaya ne. Amfani shi ne abin da ake saye a cikin haya, wato damar zama a ɗakin, ko kasa kaya a shagon. Ginin yana nan a matsayin mallakar mai gida, amma damar zama a ciki ta zama mallakar ɗan haya har wa'adi ya cika. Wa'adi shi ne tsawon lokacin da aka yanka. Warwarewa ita ce rushe yarjejeniya saboda wani dalili da shari'a ta yarda da shi, ko da ɗayan ɓangaren bai so ba. Iƙala kuwa ita ce ɓangarorin biyu su yarda da kansu su janye daga abin da suka ƙulla, ba tare da wani ya tilasta wa wani ba. Kafin alƙalami shi ne ɗan abin da ake bayarwa don a riƙe wa mutum ɗaki kafin ya kawo cikon kuɗi, la'ada kuma ita ce ladan dillali. Ragowa, wadda ita ce abin jayayya, ita ce kason kuɗin da ya yi daidai da lokacin da aka biya amma ba a zauna ba.

Littattafan da wannan hukunci yake cikinsu ba baƙi ba ne a ƙasar Boɗinga. A Sifawa, cikin wannan ƙaramar hukuma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, har yau su ne ake buɗewa a makarantun zaure da kotunan shari'a. Babin haya a cikinsu ya tattauna kusan duk abin da ake gardama a kansa yau.

Ire-iren ƙulli

Malikiyya sun raba hayar gida kashi biyu, kuma wannan rabo shi ne ginshiƙin al'amarin. Kashi na farko shi ne wajiba, wato hayar da aka yanka mata wa'adi ƙayyadadde, kamar a ce an ba ka ɗakin nan shekara guda daga watan kaza, ko wata shida. Wannan tana ɗaure ɓangarorin biyu tun daga lokacin da aka ƙulla ta, ko an biya ko ba a biya ba. Mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya don ya sami wanda zai biya fiye, ɗan haya kuma ba shi da ikon ajiye ɗakin ya daina biya don ya sami wanda ya fi arha. Kashi na biyu shi ne mushahara, wato a ce kowane wata kaza, ko kowace shekara kaza, ba tare da an faɗi ranar ƙarewa ba. Wannan ba ta ɗaure kowa, duk wanda ya ga dama yana iya janyewa, a biya gwargwadon abin da aka zauna. Sai dai akwai togaciya mai nauyi: idan ɗan haya ya ba da kuɗi a gaba, to mushahara ta zama mai ɗaurewa gwargwadon abin da kuɗin ya rufe. Wanda ya biya na wata uku ya ɗaure kansa da mai gida na wata uku.

Daga nan za mu ga dalilin da ya sa al'adar biyan shekara a dunƙule take raunana ɗan haya. Ko an yi magana ta wajiba ko an yi ta mushahara, miƙa kuɗin shekara ya mayar da shekarar abin da aka riga aka saya. Dokar ƙasa, wadda ta gaji tsarin Ingila, ta iso wuri ɗaya ta wata hanya: hayar da ke da wa'adi ƙayyadadde tana ƙarewa ne da cikar wa'adinta, hayar da ke sabunta kanta wata-wata ko shekara-shekara kuma tana ƙarewa ne da sanarwa. A dokokin karɓe gida da ake aiki da su a Abuja da Legas, idan ba a yi wani sharaɗi dabam ba, mai hayar wata ana ba shi sanarwar wata guda, mai hayar shekara kuma wata shida. Jihar Legas ta lura da nauyin biyan kuɗi mai yawa a gaba, shi ya sa dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara guda daga sabon ɗan haya. Wannan doka ba ta aiki a Sakkwato, mun kawo ta ne don a ga cewa tushen matsalar, wato tara kuɗi a hannun mai gida kafin a ci amfani, abu ne da masu yin doka suka gane.

Dalilan tashi

Ba kowane tashi ne yake da hukunci ɗaya ba. Abin tambaya a kullum shi ne, daga ina cikas ya fito: daga gidan, ko daga mai gidan, ko daga wani abu da ya game jama'a, ko daga ɗan hayan shi kaɗai.

Idan cikas daga gidan ne, magana ba ta da tsawo. Ɗakin ƙasa da damina ta rushe, ko gobara ta cinye, amfaninsa ya tafi, don haka hayar ta warware a kan abin da ya rage, kuma ragowa ta zama bashi a wuyan mai gida. Inda ake samun saɓani shi ne lalacewar da ba ta kai rushewa ba, kamar yoyon rufi a watan Agusta, ko masai ya cika, ko katanga ta faɗi gida ya zama a buɗe. Mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara, amma idan cutarwar ta yi yawa ana ba ɗan haya zaɓi, ko ya zauna a haka, ko ya fita ya karɓi ragowarsa. Idan mai gida ya gaggauta gyarawa kafin ɗan haya ya fita, zaɓin ya faɗi. Wannan hukunci yana da amfani ga mai unguwa, domin yana nuna masa abin da zai fara tambaya: shin an sanar da mai gida, kuma shin an ba shi damar gyara? Haka kuma idan cikas daga mai gidan ne, kamar ya cire ƙofa, ko ya yanke wuta da gangan, ko ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakin, to shi ne ya hana amfanin da ya sayar, ba shi da hujjar riƙe ko sisi na lokacin da ya rage.

Cikas na gama-gari ya fi buƙatar natsuwa. Halil ya lissafa ƙwace gida da ƙarfi, da umarnin sarki na rufe shaguna, cikin abubuwan da ke warware haya, domin a duka biyun an shiga tsakanin ɗan haya da amfanin da ya saya ta hanyar da ba zai iya kawarwa ba. Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya wanda ya rasu a 1223, ya bambanta tsoro iri biyu: tsoron da ya game gari har zama a cikinsa ya gagara, wanda yake ba ɗan haya damar warwarewa, da tsoron da ya keɓanta da mutum ɗaya, kamar yana da abokan gaba a kusa, wanda ba ya ba shi wannan dama. Wannan bambanci ya dace da halin da wasu ƙauyukan Shagari da maƙwabciyarta Tureta suka shiga. Mai shagon da ya gudu tare da dukan mutanen ƙauye ba daidai yake da ma'aikacin da ya ji labarin hari a wata gunduma ya tattara kayansa alhali maƙwabtansa suna nan suna kwana a gidajensu ba. Na farko amfanin shagonsa ya tafi, na biyu kuwa amfanin ɗakinsa yana nan, shi ne ya bar shi, ko da kuwa muna tausaya masa.

Dokar da muka gada daga Turawa ta daɗe kafin ta kai ga wannan sassauci. A wata shari'a ta 1647 a Ingila, tsakanin Paradine da Jane, sojoji sun kori ɗan haya daga ƙasar da ya kama lokacin yaƙin basasarsu, amma kotu ta ce sai ya biya haya duk da haka, tunda ya ɗaure kansa bai yi togaciya ba. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta kauce wa wannan tsanani a 1978, a shari'ar Araka da kamfanin gine-gine na Monier. Kamfanin ya kama gida a Fatakwal don ma'aikacinsa, yaƙin basasa ya sa Turawa suka fice a 1967, kotu kuma ta yarda cewa abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu yana iya kashe yarjejeniyar haya. Sai a farkon shekarun 1980 kotun ƙarshe ta Ingila ta amince da haka a ƙa'ida. Abin lura a nan shi ne, a kan wannan gaɓa alƙalin kotun shari'a da alƙalin babbar kotu suna iya haɗuwa a sakamako ɗaya.

Kashi na huɗu shi ne mafi yawan aukuwa, kuma shi ne mafi ɗaci. An yi wa malamin makaranta canji daga Boɗinga zuwa Gwadabawa, ko mai hidimar ƙasa ya sami izinin komawa jiharsu, ko kasuwa ta karye wa mai shago, ko ma ɗan hayan ya rasu. A nan mazhabobi sun rabu. Hanafiyya suna ganin uzurin da ya taso wa ɗan haya, irin tafiya ko karayar jari, yana warware haya, haka ma mutuwar ɗayansu. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya ba su yarda ba, hujjarsu kuwa ita ce ɗakin yana nan lafiya, mai gida bai hana komai ba, kuma ciniki ba ya rushewa don mai saye ya daina buƙatar abin da ya saya. Risala ta bayyana cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya, magada su ne suke gadon watannin da suka rage. Don haka idan ma'aikacin da aka yi wa canji ya je kotun shari'a a Boɗinga yana neman a tilasta wa mai gida ya mayar masa da kuɗi don kawai ya tashi, hujjarsa mai rauni ce. Wasu ƙasashe sun ga bukatar yin doka ta musamman don irin wannan hali: a Amurka dokar 2003 ta ba soja damar ajiye haya idan aka tura shi wani wuri. Buƙatar yin irin wannan doka ita kanta shaida ce cewa asalin ƙa'ida ba ta ba da wannan dama.

Kuɗi da mabuɗi

A nan ne mafi yawan masu sasanci suke tsayawa, su ce wa ɗan haya ya yi haƙuri, kuma a nan ne muke ganin ana tauye rabin hukunci. Dalilin da ya hana ɗan haya karɓar kuɗinsa shi ne watannin da suka rage nasa ne, ya saye su. To idan nasa ne, yana da ikon rufe ɗakin ya tafi da mabuɗi, ko ya bar kayansa a ciki, ko ya sa ɗan'uwansa, ko ya bayar da shi haya ga wani. Malikiyya sun halatta wa ɗan haya ya ba wani hayar abin da ya kama, a kan kuɗi daidai da nasa, ko ƙasa, ko sama, da sharaɗin wanda zai shiga ya kasance kamarsa wajen amfani da wurin. Wanda ya kama ɗaki don kwana ba zai sa mai injin niƙa ba, gwauro ɗaya kuma ba zai maye gurbinsa da mutum takwas ba. A gari irin Shagari, inda ɗakin haya yake manne da gidan iyali, halin wanda zai shiga yana cikin abin da mai gida yake da haƙƙin dubawa, kuma ƙin da ya yi saboda tsare mutuncin gidansa ba zalunci ba ne. Amma ƙin kowa da kowa ba tare da dalili ba, alhali yana riƙe da kuɗi, hana mutum dukiyarsa ne.

Idan kuwa mai gida ya karɓi mabuɗi ya sa wani ya karɓi sabon kuɗi, to ɗayan abu biyu ne ya faru. Ko dai ya yarda da iƙala, wato ya karɓi amfaninsa ya dawo hannunsa, sai ya mayar da kuɗin da ke madadinsa. Ko kuma ya bayar da ɗakin ne a matsayin wakilin ɗan haya na farko, sai abin da ya karɓa ya zama na wanda ya wakilta. Babu hanya ta uku da za ta ba shi lada biyu a kan wata ɗaya, domin sayar da abin da ka riga ka sayar yana cikin cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, wanda aya ta 29 a suratun Nisa'i ta hana. Dokar ƙasa ma tana ɗaukar karɓar mabuɗi tare da sa sabon ɗan haya a matsayin amincewa da ajiye hayar farko. Maganar da dattawa suka saba faɗi, cewa a jira in an sami wani ya shiga sai a ba ka naka, ta fi kusa da daidai fiye da yadda ake ɗaukarta. Kuskuren da ke cikinta shi ne ana faɗinta kamar alfarma, alhali a wannan hali haƙƙi ce.

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi don a ga yadda lissafin yake. A ce an biya naira 120,000 na shekara, wato 10,000 kowane wata. Ɗan haya ya zauna wata 5 ya tashi saboda canjin aiki, ɗaki ya yi wata 2 a rufe, sannan aka sami wanda ya shiga a kan 9,000. Wata 5 na farko an ci amfaninsu, kuɗinsu 50,000 ya tabbata ga mai gida. Wata 2 da ɗaki ya yi fanko suna kan ɗan haya, tunda shi ya bar su, wato 20,000. A wata 5 na ƙarshe, idan mai gida wakili ne, zai miƙa 45,000 da ya karɓa, sai ya zama ya tashi da 120,000 ɗinsa cif, ɗan haya ya ɗauki giɓin 5,000. Idan sabon mai shiga ya biya 12,000 fa? A ƙarƙashin wakilci 60,000 ɗin duka na ɗan haya na farko ne, a ƙarƙashin iƙala kuwa mai gida zai mayar da 50,000 ya riƙe ƙarin. Saboda haka ya kamata a faɗi tun ranar miƙa mabuɗi wanne ake nufi cikin biyun. Akwai kuma gyara guda ga wannan lissafi: raba kuɗi daidai a kan watanni yana inganta ne idan watannin darajarsu ɗaya. Malamai sun ce inda lokuta suka bambanta, kamar gidajen Makka a lokacin aikin hajji, da ƙima ake rabawa. Shagon sayar da taki ko rumbun ajiyar albasa wanda aka ci kakarsa aka bar wa mai shi watannin da babu ciniki, ba za a lissafa shi da kwanaki kawai ba.

Sauran kuɗaɗen da ke raɓe da haya hukuncinsu a sarari yake. La'ada ba ta dawowa, domin dillali ya gama aikinsa ranar da ya haɗa su. Kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna amana ne, kuma ɗan haya amintacce ne a shari'a, ba ya biyan abin da ya tsufa da kansa, sai abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. Bashin wuta na kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda Sakkwato take ƙarƙashinsa, ana cire kason ɗan haya na watannin da ya zauna kawai. Kafin alƙalami kuwa, Imam Malik a Muwaɗɗa ya hana a riƙe shi idan an fasa, a ciniki ne ko a haya, Hambaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayinsu a zamanta na 1993 a Burunai, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira.

Mai karatu zai iya cewa maganin duk wannan shi ne a rubuta tun farko cewa ɗan haya yana iya fita duk lokacin da ya so a mayar masa da ragowa. A dokar ƙasa wannan sharaɗi yana aiki ba tare da wata matsala ba. A Malikiyya kuwa akwai ƙaya a cikinsa. Ƙa'idarsu ita ce ba a sharɗanta biyan kuɗi a gaba a cikin ƙullin da ɗaya yake da zaɓin fasawa, domin kuɗin yana zama a tsakani, in an ci gaba ya zama lada, in an fasa ya zama rancen da mai gida ya juya ya amfana da shi. Mafita biyu ce, kuma duka biyun sun fi dacewa da mazaunin da zamansa ba a hannunsa yake ba. Ta farko a yi mushahara a riƙa biya wata-wata ko bayan kowane wata uku, yadda abin da zai maƙale ba zai wuce na 'yan watanni ba. Ta biyu a ajiye kuɗin a hannun amintacce na uku yana sakar wa mai gida kaso-kaso. Mun san masu gidaje ba sa son ta farko, domin kuɗin dunƙule shi ne yake yi musu aiki, amma mai gidan da ya ba mai hidimar ƙasa ɗaki ya san da wanda yake hulɗa, kuma ƙara ɗan abu a kan kuɗin wata ya fi masa sauƙi a kan neman ragowar kuɗin da ya riga ya kashe.

Inda ake kai ƙara

Matakin farko shi ne dillalin da ya haɗa su, sai mai unguwa ko limami, sai hakimi da uban ƙasa. A waɗannan matakai iƙala ce ake nema, kuma hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito a kan falalar yafe wa wanda ya yi nadamar ciniki shi ne abin da ake tunatar da mai gida. Wannan kwaɗaitarwa ce, ba tilastawa ba, kuma ya kamata mai sasanci ya bambanta wa mutane inda yake roƙo da inda yake faɗin haƙƙi. Idan sulhu ya gagara, akwai kotunan shari'a da jihar ta kafa a madadin kotunan yanki a farkon shekarun 2000, zamanin gwamna Attahiru Bafarawa, akwai kuma kotun gunduma ga wanda ba ya son a yi masa hukunci da fiƙihu, abin da ya shafi baƙi da dama waɗanda ba Musulmi ba. Ofishin 'yan sanda ba wurin wannan magana ba ne, domin sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. A gaban alƙali kuwa abin da ke yanke magana shi ne shaida a kan abubuwa uku: nawa aka biya, wane wa'adi aka yanka, da wace rana aka miƙa mabuɗi. Rasit ko saƙon banki yana tabbatar da na farko, amma na biyu da na uku galibi da baki ake yinsu. Malikiyya suna karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya, wannan ya sa dillali yake zama mutum mafi muhimmanci a shari'ar.

Saura batun lokacin biya. Idan ragowa ta tabbata, bashi ce kamar kowane bashi, kuma aya ta 280 a suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Mai gidan da ya zuba kuɗin a gona yana da haƙƙin a saurara masa har kaka, ko a raba masa biyan kashi-kashi. Amma wanda ya riga ya karɓi kuɗin sabon ɗan haya ba ya cikin masu ƙunci, domin abin biyan yana hannunsa. Jinkirin kuma yana da tsada ga wanda ya tafi: tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma shari'a ba ta yarda a ƙara wa bashi komai saboda jinkiri ba, don haka duk watan da aka ƙara daga aljihunsa yake fita. Saboda wannan muke ganin ya dace mai sasanci ya sanya ranar biya a gaban shaidu, a rubuta lambar asusun wanda ya tashi, a kuma ɗora wa dillali alhakin sanar da shi ranar da sabon mutum ya shiga ɗakin.